Ɗana da Tafintarsa

Bakin 'yata ta fari ya riga ƙafafunta tashi. Tana rarrafe a tsakar gida tana kiran kaji da awaki tana ba su umarni, kafin ta cika shekara kuwa ta iya amsa sallama. Ba na kiran sunanta, kamar yadda aka saba da ɗan fari a wajenmu, kuma ba ya kyautuwa a ji uwa tana yabon 'yar fari a gaban mutane. Ban sha wahalar riƙe bakina ba, don akwai masu yi mini wannan aiki har fiye da yadda ake bukata.

Muna zaune ne a wani ƙauye tsakanin Bici da Makoda, irin wanda gona take manne da gona, in ka yi tari a wannan gida a yi maka sannu daga wancan. Gidan na gado ne. Surukata, wadda kowa yake kira Inna, tana ɗakin da ke kusa da rumbuna, mu kuma muna can ciki, ɗaki biyu da rumfar kara. Maigidana manomi ne. In an gama aikin gona yakan sayi gyaɗa da wake ya ɗaura a babur ya kai kasuwa.

Inna ce ta fara karɓe bakin yarinyar ta mayar da shi gadon gidansu. Duk matar da ta shigo sai ta zaunar da ita ta ba ta tarihi. "Wannan bakin namu ne," in ji ta. "Kakanta, Allah ya jiƙansa, in ya buɗe baki a kasuwa har masu rigima sukan manta abin da ya haɗa su." Mahaifiyata kuwa, da take wani ƙauye kusa da Zakirai, ta waya take shigar da tata da'awar. Ta ce ni ma haka na yi, wai ina goye a baya nake gyara wa manya magana. Ban tuna ba, amma ban musa ba. Maigidana bai shiga gardamar ba. Shi nasa aikin shi ne ya ɗauki muryar yarinyar a waya ya tura wa 'yan'uwa na birni. Yau ya ce lauya za ta zama, gobe ya ce gidan rediyo. Akwai wani ɗan'uwansa a Kano da daga baya ya roƙi a rage turowa, wayarsa ta cika.

An ci gaba da alfahari har ranar da maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya. Matar kirki ce, sai dai abin da ya shiga gidanta yakan daɗe bai ga hanyar fitowa ba, kuma na taɓa faɗin haka a ɗaki, a hankali, ina tsammanin ba mai ji. Yarinyar tana wasa da gwangwani a ƙarƙashin rumfa, ta ɗago kai ta ce, "Umma, ga mai aro ba ta mayarwa ta zo. In ɓoye rariyar?"

Matar ta tsaya riƙe da bakin mayafinta. Na ce yaran yanzu ba a san inda suke kwaso magana ba. Yarinyar ta taimake ni ta ce, "Ke kika faɗa, ranar da aka yi dambu."

Ba a daɗe ba wani abokin maigidana, da ya saba zuwa hira daidai lokacin da ake sauke tukunya, ya yi sallama a zaure. Ita ta kai masa ruwa, ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi, sannan ta tambaye shi ko gaskiya ne yana jin ƙamshin miyarmu tun daga gidansa, don Baba ya ce haka. Daga ranar Inna ta raba gadon gida biyu. Iya magana nasu ne, rashin sanin inda za a tsaya kuma daga dangin uwa ya zo.

Ana cikin haka na haifi namiji. Yaro ne mai jiki, mai sanyin rai, ya yi zama da wuri, ya yi tafiya da wuri, haƙora suka fito ba laulayi. Inna tana kiransa angonta, irin wasan kaka da jika, tana cewa ta samu mijin da ba ya faɗa. Da farko abin dariya ne. Da ya cika shekara biyu ya wuce bai ce komai ba, sai "um" da nuni da yatsa, dariyar ta fara raguwa. A shekarunsa yayarsa ta riga ta ɓata mu da mutum biyu.

Abin da ya hana ni firgita sosai shi ne yana ji. In na ce ya miƙo ludayi, ludayin zai miƙo, ba muciya ba. In babur ɗin ubansa ya karyo kwana tun daga bakin gonar liman, shi ne farkon wanda zai nufi zaure. Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Nakan dube shi yana jera marafan kwalba a gindin darbejiya, shiru.

Dangin nan biyu da suka yi ta ja-in-ja a kan bakin yarinya, ba wanda ya fito neman shirun yaro. Inna tana tsintar wake, ba ta dube ni ba, ta ce, "Mu dai tun kakanni ba a taɓa yin mai nauyin baki a gidan nan ba. Sai a duba wani wajen." Mahaifiyata kuma ta ce in bincika can wajen ubansa, ai ta ji akwai wani ƙanin kakansa da ake gaisarwa ya amsa da gira. Yaron ya zama kamar kayan tsintuwa, an yi cigiya ba mai shi.

Ita kuwa yarinyar ba ta ga wata matsala ba. A wajenta ƙaninta yana magana sarai, mu ne ba mu iya ji ba. Ta naɗa kanta tafinta ba tare da an roƙe ta ba, kuma da farko ta yi mana amfani. Yaro zai tsaya yana "um, um" yana nuna sama, in ba shi ruwa ya ture, in ɗauke shi ya zille, ita kuwa ko waiwayowa ba za ta yi ba za ta ce, "Takalminsa yake so, yana kan katanga." A duba, takalmin yana kan katanga. Muka saki jiki. Da ya ce "um" sai kowa ya dubi yayarsa, har shi kansa.

A hankali fassarar ta fara fin maganar tsawo. "Um" guda ɗaya yakan haifi gaisuwa da tambayar mutanen gida da bukata. Ƙanwar maigidana ta zo daga Bici, yaro ya dube ta ya ce "um", tafinta ta ce, "Ya ce sannu da zuwa, ya ce ya hanya, ya ce in kin zo da alewa a ba ni in ajiye masa." Ranar da aka dafa nama kuwa ra'ayinsa ba ya canzawa: ya ce ba ya so, haƙorinsa yana ciwo, a ba Yaya. Yana ji yana gani tsokar take tashi daga kwanonsa. Yakan buɗe baki ya yi kuka, ita kuma ta fassara kukan, wai barci yake ji.

Ta bakinta kuma ya amsa laifuffuka masu yawa. Shi ya zubar da manja. Shi ya buɗe wa akuya ta shiga ta ci shanyar gero. Shi ya lashe sukarin da ke saman kabad, wurin da ni kaina sai na yi ɗage nake kaiwa. Kowane lokaci yakan haɗa da ban haƙuri mai kyau, "ya ce a yafe masa, ba zai ƙara ba," Inna kuwa ta rungume shi ta ce ango mai saurin tuba irin wannan ba a dukansa. Haka shari'ar take ƙarewa, mai laifi ya sha runguma, tafinta ta lashe baki.

Amma ba kullum take cin amanar aikin ba. Mun je wani suna a unguwar gaba, mata sun cika tsakar gida, kowacce tana tura ɗanta ya gaida manya don a ji bakinsa. Wata mata da ɗanta sa'an nawa ne, kuma ya riga ya rera mana waƙar talla har sau biyu, ta sunkuya a kan ɗana tana ɗaga murya tana yi masa nuni da hannu kamar yadda ake yi wa kurma. Ya tsaya yana kallonta. Yarinyar ta shiga tsakaninsu ta riƙe hannunsa ta ce, "Ya ce yana ji, ki daina ihu." Wannan fassarar ban taɓa shakkarta ba.

Da ya doshi shekara uku, maganar ta fita daga gidanmu ta zama ta gari. Kowace mace ta shigo da maganinta a baki. Wata ta ce an nuna masa madubi yana jariri. Wata ta ce saurin tafiyar da ya yi ne ya cinye maganar, ƙarfin duk ya sauka ƙafa. Inna ta aika aka kira wanzami ya duba ko linzami ne, zaren nan na ƙarƙashin harshe da kan riƙe shi. Wanzamin ya kwance jakarsa ya jera kayan aiki, ya sa aka riƙe yaro, ya tura yatsa ya ɗaga harshen. Yaron ya datse yatsan da haƙora, bai saki ba sai da na matse masa hanci. Wanzamin ya yarfe hannu ya ce harshe lafiya lau, ba linzami, amma tunda an riga an fito da aska ba laifi a ɗan taɓa. Na sunkuci ɗana na shige ɗaki. Ina jiyo tafinta a tsakar gida tana gaya masa ƙaninta ya ce yatsansa akwai ɗaci.

Sai aka zo kan ruwan kanari. Akwai wani tsohon tela a kusa da masallaci da yake kiwon kanari a keji, tsuntsun da in ya fara rera kuka har ƙarar keken ɗinki yake dannewa. Aka gaya wa Inna in yaro ya sha ragowar ruwan da kanari ya sha, harshensa zai sake. Kullum da safe sai ta aiki yarinyar da ɗan kofi ta karɓo. Ruwan yakan iso ɗan kaɗan a gindin kofi, Inna tana ta mitar rowar tela, sai wata rana aka hango 'yar aiken a bayan katanga tana kurɓa. Inna ta riƙe haɓa ta ce, "Ke kuma me kike nema ki ƙara?" Bayan 'yan kwanaki kanarin ya yi shiru, ya daina kuka gaba ɗaya. Telan ya zo har zaure da kansa ya ce ba zai ƙara ba da ruwa ba, ana kwashe wa tsuntsunsa murya. Maigidana ya ce ai haka suke yi in suna sauya gashi. Telan ya ce gashin bai tashi sauyawa ba sai da aka fara zuwa da kofi.

Liman ya ba da rubutu, ya yi wa yaron addu'a, ya ce a kuma kai shi asibiti a duba kunnensa. Inna ta karɓi rubutun hannu biyu, sauran maganar kuma ta bar ta a zaure.

Maigidana shi ma ya buɗe nasa ajin bayan la'asar. Yakan ɗora yaron a cinya, ya kunna waya don kada kalmar farko ta wuce ba a ɗauka ba, ya ce, "Ce Baba."

Daga bayan rumbu a ce, "Baba."

"Ba da ke nake ba. Kai, dube ni. Ce Ba-ba."

Yaro ya kama gemunsa ya ce "um".

"Ya ce ya gaji, a ba shi wayar ya kalli hoto, ni zan riƙe masa."

Wayar ta cika da muryar maigidana shi kaɗai yana kiran Baba, Baba, kamar mai neman wani tsoho da ya ɓata a kasuwa.

Ni na matsa aka tafi asibiti a Bici. Na so mu je ni da maigidana da yaron kawai, amma Inna ta ce ba za a kai angonta gaban likita ba ta nan, yarinyar kuma ta tambaya wa zai gaya wa likita abin da ya ce. Muka cika kujera guda a motar haya.

Malamar asibitin da muka samu ba yarinya ba ce, kuma da alama ta ga irinmu da yawa. Ta haska kunnuwansa, ta zaga bayansa ta kaɗa makullai, ya waiwaya. Ta ce ya nuna hancinsa, ya nuna. Ta ce ya nuna kakarsa, ya nuna, Inna ta gyara zama. Sannan ta durƙusa daidai fuskarsa ta ɗaga cokali ta ce, "Mene ne wannan?"

"Cokali ne," in ji yarinyar.

"Kana so?"

"Yana so mana," in ji Inna.

"Wa ya kawo ka nan?"

"Ni ne, Malama," in ji maigidana.

Malamar ta miƙe ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Tun da kuka shigo nake yi wa yaron nan tambaya, ku kuke amsawa. A gida ma haka ake yi?" Na ce haka ake yi. Ta ce kunnensa lafiya, kuma yana fahimta, yara kowa da lokacinsa a wajen magana ko da ciki ɗaya suka fito. Ta ce a riƙa yi masa magana shi kansa, a tambaye shi a jira, kada a miƙa masa abu tun bai nema ba, a kuma dawo da shi bayan 'yan watanni ko ya fara ko bai fara ba, in da bukata ta tura mu Kano. Ta dubi yarinyar ta ce, "Ke kuma 'yan mata, ki ba shi aron fili kaɗan."

"Ya ce ba ya so," in ji yarinyar.

A mota Inna ta yi ta magana har muka sauka. "Mun taso tun safe, ko allura ba a yi wa yaro ba, ko ƙwaya ɗaya. Wai a yi shiru. Shirun ne ba mu da shi a gida har sai mun zo Bici nema?"

Mun dai gwada. In yaron ya ce "um" sai in ɗaga wa yayarsa yatsa. Ta toshe bakinta da hannu biyu, kumatunta su kumbura, idanunta su firfito kamar tukunyar da aka danne wa murfi, can sai fassarar ta fashe ta tsakanin yatsu. In ma ita ta daure, Inna ba ta daurewa. "Kuna kallo yaro yana neman ruwa kun tsaya kuna yi masa jarrabawa," ta ce, ta miƙa masa moɗa.

Bayan an cire gyaɗa an kai amfanin gona gida, mahaifiyata ta zo ganinmu. Ita da Inna suka yi doguwar gaisuwa da yabon juna, kowacce tana duban yaron ta gefen ido kamar kayan da ɗayar ta manta. Da za ta koma ta ce a ba ta yarinyar ta taya ta hira na ɗan lokaci, tunda sai baɗi za a sa ta makaranta. Yarinyar ta ƙulle kayanta a leda, ta tsaya a gaban ƙaninta ta yi masa doguwar wasiyya, sannan ta sanar da mu ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Gidan ya yi tsit. Na ji kurciya tana kuka a kan darbejiya, na tambayi maigidana ko sabuwa ce, ya ce shekara da shekaru tana nan. Yaron ya zaga bayan rumbu, ya ɗaga labulen Inna ya leƙa, ya je zaure ya tsaya yana kallon hanya. Kwanakin farko ko abinci bai ci sosai ba. Nan muka gane ba mu iya yarensa ba ko kaɗan. Ya nuna yamma ya ce "um", Inna ta kawo fura, ni na kawo takalmi, ubansa ya miƙa waya. Ya dube mu duka, ya kwanta a ƙasa yana birgima.

Wata safiya ina shara, yana tsaye a bakin zaure riƙe da ɗankwalin yayarsa da ta manta a kan igiya. Ya juyo ya dube ni, ya ɗaga ɗankwalin ya ce, "Yaya."

Muryar ta fito a dushe. Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Na durƙusa na ce, "Yaya ta tafi wajen kaka, za ta dawo." Ya sake cewa "Yaya," ya nuna hanya. Na rungume shi na yi kukan da na daɗe ina ɓoyewa, shi kuma yana ta share mini fuska da ɗankwalin.

Inna, da take can cikin ɗakinta a lokacin, ta ce "Inna" ya ce, da kunnenta ta ji. Maigidana da ya dawo daga kasuwa ya saurari ɓangarorin biyu, ya yanke hukunci cewa "Yaya" da "Baba" kusan abu ɗaya ne a bakin yaro.

Kalma ta biyu ba wanda ya yi gardama a kanta. Akuya ce ta sa baki a ƙosansa ya ce mata, "Bari." Daga nan suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya, da tsamin baki. Ruwa ya zama "yuwa", kaza ta zama "taza". Ba ya ɓarnar kalma. Yakan riƙe ta a baki ya jujjuya, sannan ya ajiye ta daidai inda ake bukatarta. Ranar da ya haɗa biyu ya ce "Inna, yuwa," Inna ta bar shi da ƙishirwa ta fita gaya wa maƙwabta.

Ana cikin haka mahaifiyata ta bugo waya. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba ta ce a zo a ɗauki yarinya. Ta ce duk unguwarsu yanzu an san abin da ke cikin rumbunmu da wanda yake minshari a gidanmu. "Ta kuma gaya mini abin da surukarki take faɗa a kan danginmu, har da yadda take taɓe baki. Ki gaishe ta." Na ce za ta ji.

Maigidana ya je ya ɗauko ta. Ya ce ya so ya ba ta labarin ƙaninta a hanya, amma tun daga Zakirai har gida bai samu fili ba. Yaron da ya gan ta ya ruga ya ƙanƙame ta, murna ta hana shi cewa komai. Ta shafa kansa, ta sanar da mu ya ce ya yi kewarta, ta koma bakin aikinta kamar ba ta taɓa tashi ba.

Inna ta sa an yanka zakara saboda dawowar. Aka zuba abinci, na sa wa kowa tsokarsa. Ta cinye tata, ta dubi ta ƙaninta, ta ce, "Umma, ya ce ba ya so, haƙorinsa yana ciwo." Hannunta ya riga ya kama hanya.

Yaron ya kifa tafin hannunsa a kan naman. Ya dube ta ya ce, "Kayya ne. Nawa."

Ƙarya yake nufi, kuma ba wanda ya nemi a fassara masa. Hannunta ya tsaya a sama. Ta dube shi, ta dube ni, ta buɗe baki ta ce, "Ya ce…" sai ta rufe. Maigidana ya yi dariya har ya ƙware sai da aka ba shi ruwa. Wayar tana aljihunsa bai ɗauka ba, abin da har yau yake jin haushinsa.

Ta tashi ta bar abincin. Na same ta a bayan rumbu tana tona ƙasa da tsinke. Na zauna kusa da ita. Can, ba ta ɗago ba, ta ce, "Wa ya koya masa ba na nan?" Na ce ba kowa, da kansa ya fara, kuma ita ya fara kira. Ta ɗago ta dube ni ko wasa nake. Na gaya mata yadda ya riƙe ɗankwalinta a bakin zaure yana nuna hanya. Ta jefar da tsinken. Sannan ta share hanci ta ce, "Ai bai ma iya faɗa daidai ba. Kayya yake cewa." Kafin magariba ta samu sabon aiki. Ina jiyo ta a gindin darbejiya tana cewa, "Ba yuwa ba. Ru-wa. Sake faɗa."

Da labari ya bazu, waɗanda suka warkar da ɗana suka yi yawa. Inna ta ce ruwan kanari ne, dama maganin gargajiya a hankali yake ratsa jiki. Kanarin ma ya dawo da kukansa, telan ya koma ba da ruwa, yanzu har daga ƙauyukan kusa ake aiko masa da kofi. Wanzami ya ce ɗaga harshen da ya yi ne ya sassauta shi, yana nuna tabon yatsansa shaida. Mahaifiyata ta ce da gangan ta ɗauke yarinyar, ta daɗe da gano inda matsalar take. Maigidana ya tuna wa kowa ajin la'asar. Inna ta kuma tuno cewa magana kaɗan mai nauyi ai halin dattawan gidansu ne. Da muka koma asibiti kamar yadda aka ce, ni da yaron kawai wannan karon, malamar ta ɗaga cokali, ya ce "tokali", ta yi masa wasu tambayoyin ya amsa abin da ya iya, ta ce mu je, Allah ya raya. Inna ta tambaya ko an yi allura, na ce a'a, ta ce dama ta sani.

Yanzu dukansu suna makaranta. Ita tana cikin masu muhawara, malamai suna gane muryarta tun daga bakin ƙofa. Shi har yau maganarsa ba ta da yawa, karatunsa kuwa lafiya. In sun yi faɗa aka kawo ƙara, ita takan yi dogon bayani da shaidu da tarihi, shi kuma ya jira ta gama ya ce, "Ita ta fara." Yawanci a nan shari'ar take tsayawa.

Bayansu na haifi mace. Ita ba ta yi sauri ba, ba ta makara ba, ta yi magana lokacin da yara suke yi, don haka ba wanda ya lura. Kwanan baya muna ɓarar gyaɗa ni da ita, ta gama jin ana ba wata baƙuwa labarin yayyenta, sai ta ce, "Umma, ni me na fara cewa?"

Na yi tunani, na sake yi, na ce mata gaskiya ban tuna ba. Na tambayi ubanta ya ce shi ma haka. Inna ta ce a bar ta da tsufanta. Ƙaramar ta ci gaba da ɓara, ba ta nuna fushi ba. Can ta ce to ita za ta zaɓa. Ta dubi kaji, ta dubi rumbu, ta dubi babur ɗin ubanta, sannan ta ɗaga kai sama ta ce, "Jirgi."

Na ce ai a lokacin ba ta san jirgi ba. Ta ce ba komai, shi take so. Tun daga ranar duk baƙon da ya zo, in an gama ba shi labarin yayyenta, takan matso ta ce ita jirgi ta fara cewa, ni kuma in ce haka ne.